Hattara da "borrow" da "lend" a takardar bashi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina jan hankalin masu rubuta takardun yarjejeniya da Turanci a nan unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra a Ghana kan kalmomin da ke juya magana ta koma kishiyar abin da aka nufa.

Makon jiya wani ɗan kasuwa ya nuna mini takardar da ya rubuta bayan ya ranta wa abokin cinikinsa sidi 3,000, sai na ga ya rubuta "I borrowed 3,000 cedis", ya kuma sa hannu a ƙasa. Gabana ya faɗi, domin da wannan jimla shi ne ya zama wanda ake bi bashi. "Borrow" karɓar rance ne, "lend" kuwa bayarwa. Ina ganin ruɗanin ya samo asali daga harshenmu, inda "ranto" da "ranta wa" suka fito daga tushe ɗaya. Haka ma "debtor" shi ne wanda ake bi, "creditor" mai bin bashin.

Masu neman aiki su ma su kula: "oversee" sa ido ne a kan aiki, "overlook" kuwa tsallake abu ba tare da lura ba.

Kafin ku sa hannu ko ku dangwala yatsa, ku mayar da jimlar Hausa, ku tabbatar wa ya bayar, wa ya karɓa.