Yadda ake ɗinka wa kare ko mussa katifar da za a riƙa wankewa

Yawancin katifun dabbobi da ake ɗinkawa a gida wanki ɗaya ke kashe su. Mutum ya cusa auduga ko tsummoki cikin yadi ya rufe bakin ruf, ran da ta fara wari sai ya tsoma ta dukkanta a ruwa. Audugar ta dunƙule, cikin ya ƙi bushewa, bayan kwana uku warin ya fi na da. Shi ya sa ake yin ta gida biyu: soso a ciki da rigarsa, sannan rigar waje wadda za a tuɓe a wanke.

Fara da awo. Bari dabbar ta kwanta ta miƙe, ka auna daga hanci zuwa gindin wutsiya, ka ƙara santimita 20. Mussa soso mai 50 a kan 50, kauri santimita 5, ya ishe ta. Babban kare, irin dogayen nan na Azawak da ake kawowa daga wajen Tawa, yana son 100 a kan 70, kauri 8. Kada ka rage masa kauri: ba shi da kitse, gashinsa gajere ne, in soson ya yi siriri gwiwoyinsa siminti za su riƙa taɓawa har su yi kanta. Ba sai ka sayi sabon soso ba. Masu katifa a kasuwar Katako nan Yamai suna da ragowar yanka, kuma tsohuwar katifar yara ma ta yi. Matsa shi da hannu, in bai taso nan take ba ka bar shi.

Yadin waje ya zama auduga mai kauri. Tsofaffin wandunan jins na gwanjo, a farke a haɗa, sun fi komai jure farce. Atamfa ta yi wa mussa, amma kare mai tono kafin ya kwanta zai yage ta. Yadin roba kuwa a manta da shi, a zafin watan Afrilu dabbar za ta bar maka katifar ta koma ƙasa. Ko wane yadi ka zaɓa, jiƙa shi a ruwan zafi ka shanya kafin almakashi ya taɓa shi. Auduga tana tsukewa a wankin farko, in ka yanka kafin nan rigar ba za ta sake shiga ba.

Ka naɗe soson da tsohon zanin gado ka ɗinke. In ɗan kwikwiyo ne ko tsohon kare mai sakin fitsari, yi wannan rigar ta ciki da yadin lema.

Yanzu bakin rigar waje, inda aka fi ɓata aiki. Kada ka sa zif. Kare yana tauna shi, ƙurar hunturu da gashi suna cushe haƙoran zif ɗin, kuma in ya mutu rigar ta mutu. Maɓalli ya fi haɗari, haɗiye shi ake yi. A yi bayan rigar da ƙyalle biyu masu hawa kan juna, kamar rigar matashin kai. Ga lissafin soso mai 100 a kan 70, kauri 8: na sama ka yanka 112 a kan 82, wato tsawo da faɗi an ƙara musu kaurin soson da santimita 4 na ɗinki da ɗan sarari. Na ƙasa guda biyu, kowanne 70 a kan 82. A gefe ɗaya mai 82 na kowannensu ka yi kalmasa, ninki biyu na santimita bibbiyu, ya koma 66. In ka shimfiɗa su a kan na saman za su hau juna da santimita 20. Masu tsimin yadi sukan bar 5 ko 8, sai kare ya juya sau biyu bakin ya wage, soso ya leƙo, shi kuma ya kama ci. In ka wuce 25 kuma, saka soson zai zama kokawa.

Haɗa su fuska da fuska, ka kafe da fil, ka ɗinka kewaye santimita ɗaya da rabi daga baki. Allura lamba 16 ko 18 za ka sa wa keke, da zaren foliyesta. Zaren auduga yana ruɓewa da yawan wanki. Bi layin sau biyu. Wurare huɗun nan da kalmasa ta haɗu da gefe, je ka dawo sau uku, don nan ne ke fara tsinkewa duk lokacin da aka ja soson. In kaurin jins ya hana allura wucewa, daka wurin da guduma tukuna. Kusurwa kuma, buɗe ta ka daidaita ɗinkin gefe a tsakiya, ka gitta layi mai tsawon santimita 8, ka yanke kunnen. Haka rigar za ta zauna kamar akwati. Datse duk wani zaren da ya rage, mussa tana haɗiye zare ya naɗe mata hanji.

Ɗinka riga biyu tun da keke na buɗe, ɗaya na kai ɗaya na igiya. Kowane mako a kakkaɓe, a wanke da ruwan zafi da sabulu a bokitin da aka ware masa, a ɗauraye sosai a shanya a rana tsaka. Duba cikin kalmasa da kusurwa, can kaska da ƙwan ƙuma ke laɓewa, musamman da damina. Kada a zuba Crésyl, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan wankin kayan mussa, guba ne gare ta ko ta hanyar lasar ƙafa. Soson kuwa a inuwa mai iska za a jingine shi, rana tana sa shi marmashewa.