Kurakuran da aka fi yi wajen taimakon gaggawa ga ido

Wani babban kuskuren da ke ci wa mutane ido a Kaduna shi ne rashin bambance raunin da ake fara wankewa da wanda ba a taɓawa sam. Idan ruwan batir ya fantsama wa bakanike a ido, ko siminti ya shiga idon birkila, ko sodar haɗa sabulu ta taɓa idon mace a tsakar gida, sai ka ga an rufe idon da tsumma an ruga neman abin hawa, alhali sinadarin yana ci gaba da ƙona idon a duk tsawon tafiyar. Abin da ya dace shi ne a fara wanki nan take da ruwa mai tsabta, ko da ruwan leda ne, a karkatar da kai ta yadda ruwan ba zai gangara zuwa ɗaya idon ba, a buɗe fatar idon da yatsu ko da mutum yana matsewa saboda zafi, a yi ta zubawa na aƙalla minti 20 kafin a tafi asibiti. Siminti da soda sun fi ruwan batir haɗari, domin suna ratsawa cikin ido da sauri.

Raunin da ya huda ido kuwa akasin haka ne. Idan tsinin ƙarfe ya kafe a idon mai aiki a Kasuwar Panteka, ko kara ya tsone wa yaro ido, kada a zare shi, kada a wanke, kada kuma a danna da auduga. A yanke gindin kofin roba a kife a kan idon, a manne shi da filasta ta yadda babu abin da zai taɓa ƙwayar, sannan a wuce Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Mando ko asibiti mafi kusa ba tare da an ba mai raunin abinci ba, domin wataƙila a buƙaci yi masa tiyata.

Ƙurar hunturu ba ta buƙatar murza ko lashewa da harshe. Ƙiftawa da wanki sun isa, idan kuma kaikayin bai lafa ba, a je a duba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abubuwan da ake ɗigawa da sunan magani: nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, har da fitsari a lokacin ciwon Afolo. Waɗannan suna shigar da ƙwayoyin cuta, su mai da ƙaramin ƙarzane gyambon da zai bar fari a ido har abada. Haka nan maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba yana kwantar da ja, amma yana tsananta gyambo, yana kuma ƙara hawan jinin ido.

Wanda ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko da babu zafi, kada a bar shi ya kwana a gida ana jiran gari ya waye.