Yadda zaka gyara motarka da kanka kana kallon bidiyo a YouTube

Abun da ya jefa ni cikin harkar nan shine wata Corolla 2005 da nake hawa, rannan da safe na tayar da ita sai naji tana karkarwa a silo kamar mai zazzaɓi, in na taka totur sai ta riƙa shaƙewa, ga wutar cek injin ta kunno a dashbod. Na kaita gareji, bakaniken ko bonet bai gama ɗagawa ba yace famfon mai ne, wani yaronsa daga gefe yace nozul ne, na ukunsu yace sai an wanke tanki. Nace toh bari naje na dawo. A ƙarshe koyil ɗaya ce ta mutu, wato abun nan dake ba fulogi wuta, kuma da hannuna na canza ta a ƙofar gida, waya na jingine a jikin gilashi. Shine nace bari na rubuta yadda ake bi, da wannan aikin na fulogi da koyil zan yi misali saboda shi nafi sani, amma hanyar ɗaya ce ko a wani aikin.

Mataki na 1: ka san motarka tukunna

Nan ne mutane suke faɗuwa tun kafin su taɓa sifana. Mu a nan da laƙabi muka san motoci, Big Daddy, Muscle, Pencil, EOD, toh Baturen da ya ɗauki bidiyon bai san waɗannan sunayen ba, shi shekara da samfuri da inji ya sani. Big Daddy Camry ce ta 2002 zuwa 2006, Muscle kuma ta 2007 zuwa 2011, EOD Honda Accord ce da ta fara daga 2003. Kuma kar ka dogara da shekarar da dila ya faɗa maka ranar ciniki. Ka leƙa lambar shasi, wato VIN, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofa, baƙaƙe da lambobi 17 ne. In motar 'yar Amurka ce ko Kanada na goman shine shekara, 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, daga 2010 aka koma haruffa aka fara da A.

Sai inji. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 yawanci injinta 1ZZ-FE ne mai lita 1.8, shi ne dai a yawancin Matrix da Pontiac Vibe na wannan zamanin, amma 'yar Turai ta shekarun nan zaka same ta da 1.4 ko 1.6, har da mai shan gas. Akwai sitika a cikin bonet dake nuna injin. Sannan ka tuna a ƙasar nan ana sauke inji a ɗora wani ba tare da an rubuta a ko'ina ba, so in abun da kake gani a bidiyo bai yi kama da abun dake gabanka ba, ka yarda da idonka.

Mataki na 2: ka gano ciwon kafin ka nemi magani

YouTube zai nuna maka yadda ake canza komai, amma bazai gaya maka abun da ya lalace a motarka ba. In ka rubuta "motata tana rawa" bidiyo ɗari zasu fito kowa da nasa dalilin, ka ƙare ka sayi kaya huɗu ciwon na nan. Abun da zai cece ka shine 'yar na'urar sikanin, OBD2, mai haɗuwa da waya ta bulutut, irin wadda ake rubuta ELM327 a jikinta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗinta, na Turai masu fetur daga 2001, yana ƙarƙashin sitiyari daidai gwiwarka. Ka soka ta, ka murɗa makulli wuta ta kawo, ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner, zata baka lamba.

Lambar nan itace zaka je da ita. P0301 na nufin silinda ta ɗaya bata cin wuta daidai, P0302 ta biyu, haka har P0304, in P0300 ce toh misin ɗin yawo yake bai tsaya wuri ɗaya ba. P0171 iska tayi wa mai yawa. Tawa P0303 ta nuna. Amma fa lambar unguwar ɓarawo kawai take nuna maka, bata kama shi, P0303 zata iya zama fulogi, ko koyil, ko nozul, ko ma ciwo a cikin injin kansa. Abu ɗaya kuma, in wutar cek injin ƙiftawa take ba tsayawa tayi cak ba, ka rage yawo da motar, ɗanyen mai ne ke wucewa salansa yana ƙona katalis, wato abun dake tace hayaƙi a jikin salansar, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi bane.

Mataki na 3: neman bidiyon

Dole dai da Turanci zaka rubuta, nan kayan suka fi yawa. Shekara, sunan mota, sai aikin ko lambar, misali "2005 Corolla P0303" ko "1ZZ-FE spark plug replacement". Ko Turancinka bai kai ba kar ka damu, aikin hannu ne, ido ke gani. Ni ƙa'idata bidiyo uku nake kallo daga mutum uku daban, abun da suka haɗu a kai shi nake ɗauka. Tashoshi irin ChrisFix da 1A Auto suna nuna komai dalla-dalla, The Car Care Nut kuma ɗan Toyota ne. Gajerun nan na TikTok masu sakan talatin da kiɗa a kai, ka kalla don nishaɗi kawai, wurin da aikin ke da wuya shi suke yankewa.

Ka kalla har ƙarshe kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka rubuta kayan aikin da ya ɗauka. Ka sauke bidiyon a waya da daddare lokacin da netwok ke da kyau, don ba abun haushi kamar ka baje inji a tsakar gida data ta ƙare ko bidiyo ya tsaya yana juyawa. Akwai wurin rage gudu zuwa 0.5, yana da amfani sosai a inda hannun mutumin ke sauri. Kuma ka lura daga ina mai bidiyon yake, in ɗan Ingila ne ko Ostareliya sitiyarinsu a dama yake, in yace ɓangaren direba ba naka ɓangaren yake nufi ba. Ɗan Amurka kuma da mil yake lissafi, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kwat ɗinsu na baƙin mai kuma ya ɗan gaza lita kaɗan.

Mataki na 4: kayan aiki da sifiya

Aikin nan baya son kaya da yawa. Soket mai lamba 10, soket ɗin fulogi mai lamba 16 wanda ke da roba a ciki don riƙo fulogin, ƙarin hannu mai tsawo saboda ramin da zurfi, racet, tsumma, da kwano na zuba notina. Lamba 10 ɗin nan ka sayi biyu, wallahi ƙafa gare ta.

Sifiya kuwa sai ka buɗe ido. A Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo zaka samu komai, mai kyau da jabu, wani lokacin a kwali iri ɗaya. Na injin 1ZZ-FE fulogin da kamfani ya saka Denso SK16R11 ne, mai bakin iridiyam, in aka yi maka farashin da yayi arha fiye da hankali ka san da walakin. Koyil kam ni nafi yarda da 'yar Beljiyam ta asali akan sabuwa fil wadda ba'a san uwarta ba, ra'ayina ne wannan. Ka tafi da tsohuwar a hannu ka gwada su ido da ido, ka kuma yi magana da mai shago tun farko cewa in bata yi ba zaka dawo da ita.

Mataki na 5: aikin kansa

Inji ya huce sarai, da sassafe yafi. Kan injin nan alminiyam ne, in ka kwance fulogi da zafi zaka iya cinye zaren ramin, daga nan kuma aikin ya fi ƙarfinka. Ka ɗau hoton komai kafin ka taɓa, ka ƙara ɗauka a kowane mataki, bidiyo yana nuna motar wani ne, hotonka ne ke nuna taka. Ka zare makulli, in kana so ka cire kan batir na nagetif, shi ake fara cirewa shi ake mayarwa a ƙarshe.

Cire murfin robar nan na saman inji, zaka ga koyil huɗu a jere. Ana fara ƙirga su daga ɓangaren da fanbel yake. Kafin ka sayi komai ga dabarar da bidiyo ya koya min wadda ta biya kuɗin datar shekara guda: ka ɗauke koyil ɗin silindar da ake zargi ka musanya ta da ta kusa da ita, ka goge lambar a cikin manhajar wayarka, ka tayar da mota ka ɗan zaga. In P0303 ta koma P0302, ciwon ya bi koyil kenan, ka kama ɓarawo. In bata motsa ba kayi wa fulogi irin wannan musanyar. In nan ma shiru, toh ka tsaya, ka kaita wurin mai aunawa.

Wurin cire koyil ka lallaɓa soket ɗin wayar, robar ta sha zafin shekaru ashirin, kana matsa mata da ƙarfi zata ɓalle. Danna 'yar maƙalar ka ja a hankali, kar ka ja ta waya. Kwance noti lamba 10, ka ɗan murɗa koyil ɗin ka zaro. Leƙa ramin da fitilar waya, in da ƙasa ka hure ta kafin ka cire fulogi don kar ta faɗa cikin inji, mu da muke cikin ƙurar hunturu wannan ba wasa bane, kuma Turawan basu cika damuwa da shi a bidiyo ba. In kaga baƙin mai kwance a ramin, gasket ɗin murfin inji ne ya saki, shima sai an canza ko ya sake kashe maka koyil.

Ɗaya bayan ɗaya zaka yi, ka gama ɗaya ka rufe sannan ka wuce na gaba. Wurin ɗaura sabon fulogi ka ajiye racet gefe, da yatsu zaka fara murɗawa, in ya cije tun farko ya karkace ne, ka warware ka sake. Sai ya zauna sannan ka ɗan ƙara da racet gwargwadon yadda aka zana a kwalinsa, ba irin ɗaurin taya ba da ake hawa da ƙafa.

Mataki na 6: inda zaka tsaya

Fulogi, koyil, filtar iska, batir, fiyus, ƙwan fitila, wayifa, juyen baƙin mai, duk waɗannan naka ne. Birki ma ana koya, amma karon farko ka samu wanda ya iya ya tsaya a kanka, rai ne a ciki. Giyabos, taimin, gas ɗin AC, wayoyi masu soket ruwan ɗorawa na iyabag, da masu ruwan lemo a mota hayibirid, waɗannan ka barwa masu su duk yadda bidiyo ya nuna da sauƙi. Kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota akan jak kaɗai, kar ka buɗe murfin lagireto da zafi.

Kuma kar ka ɓata da bakanikenka don ka kalli bidiyo biyar, ka gaishe shi da Oga yadda ka saba, kace sikana ta nuna kaza na gwada kaza, zaka ga maganarku ta canza.

In ka gama ka ƙirga notinan kwano, ka tabbata ba sifana a cikin bonet, ka goge lambar, ka tayar. In ka cire batir silo zai iya ɗan rikicewa na ɗan lokaci kafin kwamfutar motar ta daidaita, agogo da rediyo ma sai ka sake saita su. Ka zaga unguwa, ka hau titi ka bata wuta kaɗan, bayan kwana biyu ka sake soka sikana ka gani ko lambar ta dawo. Tsofaffin fulogin da basu mutu ba ka naɗe su a tsumma ka jefa a but tare da soket lamba 10.