Yadda Ake Ɗebo Ruwa Daga Ƙarƙashin Ƙanƙarar Tafki Don Auna Zaiba

Idan ƙanƙara ta rufe tafki da hunturu, kamar yadda ake gani a Kanada da Finlan da arewacin Amurka, ruwan yakan yi watanni bai haɗu da iska ba. Zaibar da ta saba ficewa daga ruwa a matsayin tururi sai ta rasa hanya. Dusar ƙanƙara kuma ta tare hasken rana, alhali hasken ne ke wargaza metilmakuri, nau'in zaiba mafi guba, wanda ke taruwa a naman kifi. Can a gindin tafki ganyaye da matattun halittu suna ta ruɓewa suna cinye oksijin. Duk inda oksijin ya ƙare, bakteriyar da ke rayuwa da sinadarin salfet ta samu fili, ita ce kuwa ke mayar da zaiba metilmakuri. Sanyi yana rage mata kuzari, amma ba ya tsayar da ita. Don haka awon lokacin zafi kaɗai ba ya isa a san halin tafki.

Wahalar aikin ita ce ƙanƙantar abin da ake nema. A yawancin tafkuna zaiba ba ta wuce 'yan nanogiram a lita guda, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Ƙurar hannun riga, ko numfashin mai cikon haƙori na azurfa, wanda ke ɗauke da zaiba, ya isa ya ɓata kwalba.

Kafin komai a auna kaurin ƙanƙara tun daga baki, ana hudawa ana matsawa. Ƙanƙara garau mai kaurin santimita 10 ce mafi ƙarancin abin da zai ɗauki mai tafiya a ƙafa. Farar ƙanƙara mai gauraye da dusa rabin wannan ƙarfin gare ta, sai a ninka lissafi. A nisanci bakin rafin da ke shiga ko fita daga tafkin, domin ruwa mai gudu na cin ƙanƙara ta ƙasa.

Kwalabe su zama na Teflon, wata irin roba ta musamman, ko na gilashin borosiliket, irin na ɗakin gwaje-gwaje, masu cin mililita 250, waɗanda ɗakin gwaje-gwaje ya wanke da asid ya sa kowace cikin leda biyu. Kwalbar roba ta kasuwa ba ta yi, tururin zaiba na ratsa jikinta. Sai tiyon Teflon, ƙaramin famfo mai tura ruwa ta hanyar matsa tiyo, matata mai ramin maikuromita 0.45 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), safar hannu marar hoda da yawa, da na'urar auna zafi da oksijin.

Mutum biyu ake bukata, bisa tsarin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta shimfiɗa a ƙa'idarta mai lamba 1669. Ɗaya shi ne mai tsabtataccen hannu: ledar ciki da kwalba kawai yake taɓawa. Ɗayan shi ke buɗe ledar waje, ya kunna famfo, ya riƙe igiya da littafi. Da zarar mai tsabtataccen hannu ya taɓa hularsa ko ya share hanci, abin da sanyi ke sa mutum yi bai ma sani ba, ya sake safa. Su biyun su tsaya ta inda iska za ta bi ta kan rami kafin ta iso gare su.

A share dusa, a huda rami biyu masu faɗin santimita 20 zuwa 25, da tazarar 'yan mitoci. Mahudin hannu ko na batir ya fi na fetur, saboda hayaƙi da ɗigon mai. Ramin farko na na'urar oksijin ne, na biyu na ɗiban ruwa, don kada na'urar ta dama ruwan da za a ɗiba. A kwashe ɓarɓashin ƙanƙara da ludayin roba mai tsabta.

A sauke na'urar rabin mita rabin mita ana rubutawa. Za a ga ruwan da ke daf da ƙanƙara yana kusa da digiri 0, na ƙasa kuma yana kusa da digiri 4, domin a wannan digirin ne ruwa ya fi nauyi. Wannan jerin ne ke hana ruwan gaurayuwa. A lura da zurfin da oksijin ya faɗi ƙasa da miligiram 2 a lita. Nan ne zuciyar aikin. A ɗebi ruwa a rabin mita ƙarƙashin ƙanƙara, a tsakiya, a daidai inda oksijin ya faɗi, sannan a mita ɗaya sama da laka. A fara daga sama a gangara. Wanda ya tsaya a ruwan sama ya dawo da kyakkyawan sakamako, ya bar metilmakurin a ƙasa.

Kada bakin tiyo ya taɓa laka. In ya taɓa, laka ta tashi, zaibar da ke manne da ita ta cika kwalba, adadin ya yi tsalle. Mafita ɗaya ce: a koma nesa a huda sabon rami. A kowane zurfi a bar famfo ya zubar da ninki uku na abin da tiyo ke ɗauka, a ɗauraye kwalba sau uku, sannan a cika.

Ruwan ƙasa, musamman mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a tace shi nan take, matata na haɗe da tiyo. Idan ya sha iska, narkakken ƙarfen da ke cikinsa zai koma jan gari ya kwanta, ya ja zaiba tare da shi, matata ta riƙe duka.

Daskarewa ce ke kashe yawancin ranakun aiki. Ruwa na sandarewa cikin tiyo da matata da zarar famfo ya tsaya, don haka a yi aikin cikin tanti, famfo na aiki ba yankewa. Kwalbar gilashi in ta daskare fashewa take. A ajiye kwalabe cikin kula tare da gorar ruwan ɗumi da aka rufe da kyau.

Cikin awa 48 a zuba asid na haidurokulorik da aka tabbatar babu zaiba a cikinsa: mililita 5 a lita don awon jimillar zaiba, mililita 4 don metilmakuri. Wasu ɗakunan gwaji na adana kwalbar jimilla da sinadarin buromin kulorayid. Kada ya kusanci kwalbar metilmakuri ko kaɗan, domin wargaza shi yake. Ita wannan kwalbar a ɓoye ta a duhu da sanyi.

A kowace fita a zo da tataccen ruwa marar zaiba daga ɗakin gwaji, a bi da shi ta tiyo da matata a kan tafkin kamar sauran. In aka samu zaiba a cikinsa, daga kayan aiki ko hannu ta fito, sai a yi shakkar sakamakon ranar. A koma wurin sau uku aƙalla: farkon daskarewa, ƙarshen hunturu lokacin da oksijin ya fi ƙaranci, da lokacin narkewa, sa'ad da dusa ke sako zaibar da ta tara daga iska cikin 'yan kwanaki.