Gwangwanin Dumama Abincin Biki Yana Fitar da Mutum Kunya

'Yan uwa, ku ajiye gwangwanin jel ɗin nan biyu a gida, wanda masu abincin biki ke kunnawa a ƙarƙashin farantan dumama shinkafa. Ku tambayi masu kayan kicin a kasuwar Sabon Gari.

Ni da sahur gas ya ƙare mini, ga NEPA sun ɗauke wuta. Na jera bulo biyu, na sa gwangwanin a tsakiya, na ɗora ƙaramar tukunya na rufe ta. Ruwan shayi ya tafasa, miyar jiya ma ta yi zafi. Sinadarin irin na sipirit ne, shi ya sa ba hayaƙi, ba baƙin gindin tukunya. Ƙaramin gwangwani yakan kai awa 2.

Amma wutarsa ba ta da ƙarfi. Tuwo ko wake? Kada ki soma, Hajiya, sai jel ɗin ya ƙare abincin bai nuna ba. In kun fita dam ɗin Tiga shan iska, ku kare shi da kwano, iskar hunturu tana kashe shi nan take.

Da rana harshen wutar da ƙyar ake ganinsa, kada yaro ya kai hannu. Kuma guba ne in aka lasa. Da murfinsa ake kashe shi, sai ya huce a ɗaure murfin sosai, in ba haka ba ya bushe.