Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Maciji a Dajin Daura

Ba macijin Kusugu muke nema ba, na gona ne. Fita da sassafe lokacin damina, sanye da takalmi sau ciki. Duba gindin suri da tarin duwatsu, kada ka zura hannu.

In ka gan shi, ja baya taku biyar, ka jawo hoton da wayarka. Gamsheƙa tana fesa dafi a ido daga mita 2. Ɗauki kan, sannan zanen bayan.

Sai tantancewa. Gajeriya mai kauri da huci, kasa ce. Ƙarama mai ɗigon fari, tana goga jikinta tana ƙara, kububuwa ce, ita ta fi kashe manoma a Arewa. Wadda ta fasa kai kuwa, ka ƙara ja baya.