Babi na 7: Tsutsa Mai Kashe Tsutsa, Da Abin Da Sanyi Ke Yi Mata

Darasi na 1

'Yan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Ku karanta a hankali, ba tsere muke yi ba. Kalmar yau ita ce nematod. Ku faɗa tare da ni: ne-ma-tod. 'Yar mitsitsiyar tsutsa ce da ke zaune a ƙasa, sai da madubin likita ake ganinta sosai. Kun san wadda ke sa saiwar tumatir ƙullutu, to ba ita ba ce. Wannan tamu ce. Takan shiga jikin tsutsar da ke cin saiwa ta baki, ko ta dubura, ko ta ƙofofin numfashi, ta sakar mata ƙwayoyin cuta. In ƙasa da ɗumi, kwana 2 sun isa tsutsar ta mutu. A Turai da Amurka cikin fakiti ake sayar da ita, a dama da ruwa a zuba.

Darasi na 2

Nan ne kuke tuntuɓe, nan kuma za mu daɗe.

Sanyi na kashe wa nematod jiki. Ba ta tafiya da sauri, ƙwayoyin cutar ma ba sa yaɗuwa, aikin kwana 2 sai ya kai mako, ko ma ya tashi a banza. Amma iri-iri ce. Heterorhabditis bacteriophora ba ta aiki sosai in ɗumin ƙasa bai kai digiri 12 na ma'aunin Celsius ba. Steinernema feltiae na yi a wajen digiri 10. Steinernema kraussei kuwa har a digiri 5 tana kisa, shi ya sa masu lambu a Ingila ke amfani da ita a lokacin sanyi. Kada sunayen su tsorata ku, lambar kawai za ku riƙe.

To, ta yaya za ka san lambar gonarka? Ka ɗauki ma'aunin zafi ka soka shi cikin ƙasa, zurfin yatsa. Cikin ƙasa, ba a iska ba. Da sassafe. Ka jira minti 5, ka karanta yana nan a soke. Yawwa, madalla.

Mu sake. Ina za a sa ma'auni? Cikin ƙasa. Da hunturu a Jos, iskar asuba na iya sa ka karkarwa alhali ƙasa na riƙe da ɗumin jiya. Nematod a ƙasa take, ba ta san sanyin kunnenka ba.

Makon jiya na ba mutum goma ma'auni. Bakwai sun ɗaga shi sama kamar masu duban wata, wani dattijo kuma ya zare shi ya sa a aljihu ya kawo mini. Haba Baba! Zafin cinyarka ka auno. Sau nawa zan faɗa? A soka a ƙasa, a jira, a karanta a wurin, a rubuta lambar. Wanda ya zo gobe ba lamba a littafinsa, zai koma gona.

Darasi na 3

A jiƙa ƙasa tukuna. A zuba ruwan nematod ɗin da yamma, hasken rana na kashe su. A riƙa motsa ruwan don kada su kwanta a gindin bokiti.

Darasi na 4

Fakiti a firij, ban da wurin ƙanƙara.

Darasi na 5

Bayan mako a tona. Tsutsar da ta yi ja ko ruwan ƙasa, ta kamu. A ƙirga a rubuta.